Motar Baba Mai Zuma

SHAFI NA 14

"Ba zan faɗa masa ba, Oga."

Oga ya ɗago kai daga wayarsa a hankali, kamar wanda ya ji kujerar ofis ta yi magana.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan je in gaya wa tsohon nan tayar da ya canza ce ta kashe masa mota ba. Ba ita ba ce."

"Na tambaye ki ita ce ko ba ita ba ce? Aikenki na yi."

"To aiken ne ba zan je ba."

Esin da ke sanyaya ofishin yana ta gurnani. Ta gilashin taga ina hango Baba Mai Zuma a kan bencin da ya zame masa wurin zama tun ranar da aka jawo motarsa. Hularsa na kan gwiwa, yana kallon motocin da ake gogewa.

Bari in ɗan tsaya in gode muku, ku masu bibiyata. Jiya kun cika min waya da saƙo. Wasu addu'a, wasu zagin Oga, wata baiwar Allah ma cewa ta yi in ba ta kwatance ta zo da muciya. Allah Ya bar zumunci.

Wanda kuma yau ya fara cin karo da labarin, ga inda muke. Ni ce mai duba garanti a wurin wani dilan motocin hannu. In mota ta dawo da ciwo, ni ke shiga ƙarƙashinta in faɗi ko laifin namu ne ko na mai ita. Baba Mai Zuma ya sayi motar shiga daji a wurinmu, wadda mu da kanmu muka ɗaga ta sama muka sa mata manyan tayoyi don ta ɗauki ido. Oga ya ba shi garanti: inji, giya, aksul mai juya tayoyi, duk a wuyanmu, in dai bai taɓa komai ba. Duk rani tana yawo lafiya a kan kwalta. Da ruwa ya sauka, zai tsallaka rafi zuwa wurin amyoyinsa, sai ya sa giyar nan da ke haɗa ƙafa huɗu su ja tare, wadda mu a gareji muke kira fo. Bai taɓa sa ta ba sai ranar. Yana fita daga laka ya hau tsandauri, sai ya ji ƙarau! a ƙarƙashinsa. Ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi gaba da baya ya tarwatse. Da ƙafa tsohon ya dawo bakin titi.

Oga ya kife wayarsa a kan tebur.

"Zauna, 'yata."

In ya ce min "Injiniya", faɗa ne, kuma na saba. In ya ce "'yata", nan na fi jin tsoro.

Ban zauna ba.

"Ya canza taya ko bai canza ba?"

"Ya canza. Ƙusa ta huda ɗaya, ya sa wata. Girmansu ɗaya, na auna."

"Ya taɓa mota kenan. Garanti ya faɗi."

"Oga, aksul ɗin baya ba na motar nan ba ne. Haƙoransa daban da na gaba. In ƙafa biyu ke ja a kwalta, ba wanda zai sani. Amma da an sa fo, gaba na gudu baya na jan ƙafa, dole abin da ke tsakiyarsu ya fashe. Haka aka sayar masa da ita."

Ya yi murmushi. Ya jingina da kujera ya haɗa yatsu a kan tumbi.

"Karatu da daɗi. To a makarantar taku an koya muku gane hannun wanda ya ɗaura aksul?"

Na girgiza kai. Lokacin da aka yi wa motar aiki ina can wajen kwas, ban sani ba.

"Yayanki ne."

Wallahi sai da na dafa bayan kujerar da na ƙi zama a kai.

Yaya shi ne shugaban makanikai a garejinmu. Shekarar da Abba ya rasu ya ajiye jakar makaranta ya ɗauki sifana. Duk littafin da na karanta, da baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa aka saya. Oga kuwa aminin Abba ne. A gida Baffa muke ce masa.

"Ranar da muka dawo daga binne mahaifinku, wa ya kama hannun yayanki?" in ji shi.

"Kai ne."

"Ko noti bai iya kwancewa ba. Ke kuma da kika gama digirinki kika yi ta gantali da takardu, gareji nawa suka ce ba sa ɗaukar mace?"

"Duk inda na je."

"Wa ya ɗauke ki?"

"Kai ne, Baffa. Duk gaskiya ne. Kuma na gode. Har in koma ga Allah ina godiya."

Ba daɗin baki na yi masa ba. Har yau da nake rubuta muku wannan, ban daina gode masa ba.

"To nuna min," ya ce. "Saurara da kyau, don sau ɗaya zan faɗa. In kika kafe a kan aksul, ni gyara kawai zan yi. Amma dole wani ya ɗauki laifi, kuma ba ni ba ne. Yayanki zai fita ta ƙofar can da sunan mai lalata motar mutane, ke ki rufa masa baya. In kika ce taya ce, kowa ya zauna lafiya. Tsohon ma ba zai musa ba, bai san komai ba. Je ki."

Na fito.

Kun san abin da na sha a makonnin nan tun da na ce sai an buɗe cikin motar. An ɗauke teburina daga ofis an kai shi ƙarƙashin bene, kusa da inda ake tara tsofaffin batura. An ce kada a ƙara ba ni makullin ɗakin kayan awo. In na yi sallama a wurin masu sayarwa sai kowa ya tuna yana da kira a waya. Duk na shanye. Kullum sai na goge kayan aikina na zo da su tsaf, in wuce ta gabansu kaina a sama, don kada wani ya ga ya ci riba a kaina. Ban taɓa kuka a harabar nan ba.

Ranar kuwa, daga ƙofar Oga gareji na nufa.

Na sami Yaya a tsugune gaban daro, yana wanke wasu ƙarafa da dizal. Bai ɗago ba.

"Madam Garanti. An fito daga shan sanyi?"

"Yaya, kai ka ɗaura?"

Bai ce "me?" ba. Ya ci gaba da dirza ƙarfen da buroshi.

"Ni ne."

"Ka bar ni ina ta haƙilo, ina bin kowa da tambaya, kana kallona?"

"Ina kallonki mana. Ina ma jin daɗi. Na ce ashe wahalata ba ta tafi a banza ba, yarinyar ta iya aiki."

"Ba wasa nake ba!"

"Ni ma dariyar ba ta kai ciki ba, Auta."

Ya ajiye buroshin. Ya jawo wata tsohuwar taya da ƙafa ya nuna min. Na zauna.

"Aksul ɗinta na asali kuka yake yi. Ga mai saye zai zo. Oga ya ce in ciro na farar nan da ta yi hatsari, wadda ke bayan gareji. Kamarsu ɗaya sak. Noti ya shiga noti, ko guduma ban ɗaga ba."

"Farar ai ta fetur ce. Wannan ta dizal, haƙoransu ba ɗaya ba ne."

"Yanzu kowa ya sani. Lokacin na ce a bar ni in fita da ita bayan gari, in sa fo in ji muryarta. Kin san dokar gidan nan."

Na sani. Kowa a wurinmu ya haddace ta. Motar da aka wanke ba ta taka laka.

"An riga an goge ta," ya ce, "an fesa wa tayoyi man sheƙi, har an sa leda a kujeru. Sai na zaga da ita kan titi. Ta tafi sumul kamar amarya. Na ce Allah Ya sa, na miƙa makulli."

"To ai laifin Oga ne!"

"Rabi. Da na cire murfi na duba haƙoran kafin in ɗaura, da na gani. Ban cire ba, sauri nake. Wannan rabin nawa ne, kada ki ɗora wa kowa."

Na sunkuyar da kai ina kallon dizal ɗin da ya yi baƙi a daro.

"Ya ce in na faɗi gaskiya zai kore ka."

"Na sani. Ni ya fara gaya wa, tun da safe."

"Me zan yi, Yaya?"

"Au! Yau ni ake tambaya? Ke da tun kina rarrafe in an ce sauko sai ki ƙara hawa?"

"Don Allah."

Ya goge hannu a tsumma. Ya daɗe yana gogewa, hannun da baƙinsa ba ya taɓa fita.

"Antinki, matar tawa, ta kusa haihuwa. Umma ga ciwon ƙafa, kullum asibiti. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba. Bakina ba zai iya furta ko ɗaya ba."

Ya koma kan daronsa. Na tashi.

Baba Mai Zuma na ganina ya miƙe, yana kakkaɓe hula.

"Jikata, an gano ciwon?"

"An gano, Baba."

"Na ji ana ƙus-ƙus wai tayar da na sa ce. In ita ce ki faɗa min, ba zan ji haushi ba. Ni ban san mota ba, ƙudan zuma na sani. Mai faci ne ya ce min duk ɗaya ne, ni kuma na yarda."

Kun gani? Shi da kansa ya shimfiɗa min tabarmar ƙaryar. Kai kawai zan gyaɗa. Da ya yi min godiya ma, ya sa hularsa ya tafi.

"Ya labarin zuman, Baba?" na ce, don in sami abin faɗa.

"Yana can yana jirana. In ban je ba tururuwa za su je. Su ba sa bukatar mota."

Ya yi dariya. Ni ban iya ba.

"Baba, za ka iya sauka rami?"

"Ni da har yanzu nake hawa bishiya? Mu je."

Motar na tsaye a kan ramin duba ƙasa, an cire mata fasasshen giyabos ɗin. Farfela biyu na rataye da waya, ta gaba da ta baya, wato sandunan ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyi. Na sa jak na ɗaga ɓangare ɗaya. Na zaro alli daga aljihu, na ja layi a kan tayar gaba da ta baya, na sauka ramin na ja layi a kan kowace farfela, duka suna kallon sama. Baba ya biyo ni yana dafa bango, yana cewa ramin ya fi kabari fili.

Saura wanda zai juya mana taya daga sama, mu kuma mu kalla daga ƙasa.

"Wani ya taimaka ya juya min tayar gaba!"

Kafin kowa ya motsa na ji takun takalmin Oga. Ba shi kaɗai ba. Yana tare da wata hajiya da mijinta, waɗanda suka zo ganin wata motar dajin da muka ɗaga. Hanyar zuwa wurinta ta bakin gareji take bi.

"Injiniya. Fito daga ramin nan."

"Ina aiki, Oga."

"Na ce ki fito."

"In na gama."

Ya juya ga makanikai. Muryarsa ba ta tashi ba, saboda baƙi.

"Duk wanda ya taɓa tayar nan, ya ɗauki jakarsa."

Daga cikin rami ƙafafu kawai nake gani. Na ga takalma suna ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Wani ya tuna da aiki a bayan gareji. Ban ga laifinsu ba, har yanzu ban gani ba. Kowa da bakunan da ke jiransa a gida.

"Bari in hau in juya miki," in ji Baba.

"In ka hau ba za ka gani ba. Kai nake so ka gani."

Ba wanda ya matso kusa da tayar.

Ina tsaye da alli a hannu, gumi na bin bayana. Na ce a raina ko zan kwana a ramin nan ba zan fito ba. Amma gaskiya ban san abin da zan yi ba.

Sai na ji wani taku. Ƙafar dama ta taka, ta hagu ta ja. Tun shekarar da jak ya zame mota ta danne shi haka yake tafiya. Ko a cikin kasuwa na ji takun nan na san shi.

Takalman suka tsaya a gaban tayar.

"Auta. Gaba ko baya?"

Da ƙyar na ce, "Gaba tukuna."

"Kai!" in ji Oga. "Ka san abin da kake yi?"

"Taya nake juyawa, Oga. Aikina ne."

Ya kama ta da hannu biyu ya juya a hankali, har layin allin ya zagayo ya sake zagayowa ya tsaya inda ya fara. Farfelar gaba ta yi ta wulwulawa a saman kanmu, ta tsaya. Layinta na kallon sama.

"Ka gani, Baba?"

"Na gani. Ta dawo gida."

"Yaya, baya. Daidai yadda ka juya ta gaba."

Ƙafa ta taka, ƙafa ta ja. Ya kama tayar baya ya juya ta kamar yadda ya yi wa ta gaba, bai ƙara ba bai rage ba. Farfelar baya ta wulwula ta tsaya.

Layinta na kallon ƙasa, saitin hancin Baba.

Tsohon ya kalli wannan, ya kalli waccan. Ya sa yatsa ya taɓa allin.

"Ikon Allah. Tafiya ɗaya aka ba su, amma kowacce da inda ta sauka."

"Haka ne. In ka sa fo, an ɗaure su wuri ɗaya kenan, dole su yi juyi ɗaya. A laka taya na sulɓewa, sai rigimar ta ɓoye. Da ka hau ƙasa mai tauri ba inda za ta sulɓe."

"Sai na tsakiya ya sha duka."

"Shi ke nan, Baba."

"To tayar mai faci fa?"

"Ba ruwanta. Ba ruwanka. Haka ka saye ta daga hannunmu, kuma garantinka na nan da ransa."

Na faɗa da ƙarfi yadda na sama za su ji.

Muka fito. Yaya ne ya miƙo wa Baba hannu ya jawo shi. Bai saki hannun ba.

"Baba, ni na ɗaura aksul ɗin. Ban duba ba. Ni na sa ka tafiyar ƙasa a daji. Ka yafe ni."

"Haba ɗana. Haba."

Hajiyar nan, Allah Ya saka mata, duk abin nan tana tsaye da jaka a hammata tana kallo. Sai ta juya ga Oga.

"Alhaji, wadda za ka nuna mana fa? Ita an gwada ta a laka, ko ita ma sai mun je daji za mu ji labari?"

Mijinta ya taɓa ta. Ta ture hannunsa.

"Bar ni in tambaya, ni zan zauna a ciki."

Na sha ganin Oga yana canza fuska, amma ban taɓa ganin mai sauri irin ta ranar ba. Nan take ya washe baki, ya dafa kafaɗar Baba Mai Zuma.

"Hajiya, ai abin da ya sa muke ba da garanti kenan. Baba, ka kwantar da hankalinka. Aksul, giyabos, duk za a sa maka na daidai, mu za mu ɗauka. Gidan nan ba a cutar mutum."

Sannan ya nuna Yaya da makullin mota.

"Ga wanda ya cuce ka, ya cuce ni. Na riƙe shi kamar ɗan cikina, ashe aikin ganganci yake min. Daga yau ba ya nan. Ita ma mai tona asirin gida a gaban baƙi ta bi shi."

Ya ƙwala wa maigadi kira.

"Sa kwaɗo a akwatin kayan aikinsa. Ba ya fita da ko sifana ɗaya sai na ga ƙarshen ɓarnar da ya yi."

Nan ne kawai na ga Yaya ya girgiza. Kayan nan ba na kamfani ba ne. Ɗaya-ɗaya ya tara su tun yana koyo, kowanne ya san ranar da ya saye shi.

"Oga, kayan nawa ne."

"Ka kai ni ƙara."

Baba Mai Zuma ya shiga tsakani, hularsa a hannu.

"Alhaji, in don ni ne, na yafe gyaran. Wallahi na yafe. A bar yaran nan da aikinsu, ni na san yadda zan yi."

"A'a, Baba," na ce. "Kada ka yafe."

"Jikata..."

"Haƙƙinka ne. Ko ka yafe ba zai mayar da mu ba, na san shi. In ka yafe, mun faɗi a banza kenan. Ka tsaya sai an gyara, kuma kada ka karɓi makulli sai an shiga da kai laka an sa fo kana ciki."

Ya kalle ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya yi wa wanda ya raine ki albarka."

"Ga shi nan tsaye," na ce. "Shi ne mai juya tayar."

Na je ƙarƙashin bene na ɗauko jakata. Na dawo na tsaya a gaban Oga, na ɗan rusuna kamar yadda nake masa a gida.

"Baffa, na gode da riƙon da ka yi mana. Ka ɗauki Yaya lokacin da ba mu da kowa, ka ɗauke ni lokacin da kowa ya ƙi. Ba zan manta ba."

"Butulu," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

Yaya ya nufi ƙaramar ƙofar baya da ma'aikata ke bi. Na kamo hannun rigarsa.

"Ta gaba za mu fita."

"Auta, da wannan kayan duk mai?"

"Ta gaba."

Muka ratsa tsakiyar motocin da aka goge, shi yana jan ƙafa, ni kaina a sama. Wani daga cikin makanikan da suka ja da baya ɗazu ya biyo mu da sauri, ya cusa wa Yaya ƙaramar sifanarsa a aljihu, ya juya ya koma. Shi ma na gode masa.

A bakin titi muka tsaya a inuwar wani kanti. Rana tsaka. Yaya ya kalli tafin hannunsa kamar bai san na wane ne ba.

"Rabon da in ga titin nan a irin wannan lokacin, na manta. Ashe haka mutane ke yawo da rana ba aikin fari ba na baƙi."

"Yaya."

"Na'am."

"Na gode."

"Da me? Taya na juya. Ko makaho ya iya."

"Ka ce min tsoro kake ji."

"Har yanzu ina ji. Amma na leƙo na gan ki a rami ke kaɗai, da ɗan allinki, kin cije baki irin na ranar da na fara kai ki makaranta. Me zan ce wa Abba in na bar ki a ciki?"

Nan na yi kukan da na hana kaina makonni. A bakin titi, a gaban masu wucewa, ban damu ba. Shi kuma yana ta cewa in rufa masa asiri kada a ce shi ya dake ni.

Na yi karatu, na san lissafin haƙoran aksul, ina taƙama da hakan kuma ba zan daina ba. Amma abin da Yaya ya yi a bakin ramin nan ba a makaranta ake koya shi ba. Ni na zaɓa da bakina. Shi ya biya da hannunsa, bai kuma ce min ko "kin gani" ba.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ta sake. Ta sake. Ya ciro ya duba, ya kara a kunne, na ga fuskarsa ta sauka.

"Mene ne?"

"Zauren masu gareji na waya. Oga ya tura saƙon murya. Ya ce duk wanda ya ɗauke ni, motar mutane ta lalace a hannunsa, kada ya ce ba a gaya masa ba."

Kafin in buɗe baki tawa wayar ta ɗauki ƙara.

Umma.

Umma ba ta kira da rana. Ta san muna aiki.

Muka kalli juna. Yaya ya girgiza kai, wai kada in ɗauka sai mun isa gida. Na ɗauka.

Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Yanzu Baffanku ya kira ni. Gaskiya ne abin da ya gaya min?"

Na share fuska da bayan hannu. Na gyara tsayuwa.

"Gaskiya ne, Umma. Na rasa aikina. Yaya ya rasa nasa, da kayan aikinsa, da sunansa a wurin masu gareji. Ni na jawo. Kuma ko za a mayar da mu gobe, ba zan koma in ce taya ce ba."

Na ji numfashinta a kunnena.

Sai ta kashe wayar.